Dabinon da kika tauna, Inna

Assalamu alaiki Inna, tare da gaisuwar girmamawa daga 'yarki Hajo. Allah ya kai haske kabarinki.

Na rubuto ne saboda gadon da kika bar mini ya sake fitowa. Shekaranjiya na ji leɓena na sama yana tsikari, jiya ƙurajen suka feso, ƙanana masu ruwa, daidai inda naki suke fitowa. Wasu sun gaji gona a wurin iyayensu, ni na gaji baki.

Kin tuna shekarar da aka tare ruwa a Kainji, aka ce mu bar gungunmu, tsibirin da muke zaune a tsakiyar kogi. Kika ƙi hutawa, kika wuni cikin rana kina cire albasar ƙarshe, ga masassara, ga baƙin ciki, har leɓenki ya feso. In an yi miki sannu sai ki ce, "Ba komi, masassara ta, ita ka hita ta baki." Duk mun yarda alamar sauƙi ce. Da moɗa ɗaya muke shan ruwa da ke.

A makon nan na haifi ɗana na fari. Kika kwance dabinon da kika sayo a kasuwar Yelwa tun ina da cikin wata bakwai, kika tauna shi lukui, kika lakata da yatsa kika sa masa a baki, kamar yadda babbar mace take yi a gidanmu. Kika tofa masa addu'a, kika sumbaci idonsa. Ban taɓa ganinki da farin ciki irin na ranar ba.

Bayan suna ya ƙi nono. Ƙuraje suka fito masa a gefen baki da ido, jikinsa ya saki, ya fara jijjiga. Bai yi arba'in ba. Aka binne shi a gindin tsamiya, ba a jima ba aka kwashe mu zuwa gidajen siminti wajen Wara, ruwa ya haye tsamiyar da abin da ke ƙarƙashinta. Har kika rasu kina cewa haushin tashinmu ne ya ci yaron.

Sai da na yi jikoki wata ma'aikaciyar asibiti ta ga bakina ta zaunar da ni. Ta ce ƙwayar cuta ce da ke kwance a jiki har abada, zazzaɓi da zafin rana da gajiya da damuwa ke tashinta. A fara shafa magani tun ana jin tsikarin, kada a ɓare, a wanke hannu, a ware kofi da tawul. Sai ta ƙara da cewa ga babba wahala ce ta kwana goma, amma jariri sabon haihuwa yana iya mutuwa daga sumba ɗaya. Inna, ban san yadda na iso gida ba.

Ba ni da tabbas, kuma ba wanda zan tambaya. Ajali ba ya wuce ranarsa, na sani. Amma tun ranar ban ƙara cin dabino ba.

Jiya jikata Rabi ta haihu, mace, kuma sunanki za a sa mata. Ni ce babba yanzu. Aka kawo mini dabino a faifai, aka miƙo jaririyar, na ɓoye hannuwana a zane na koma bakin ƙofa. Rabi ta yi kuka, ta ce na ƙi jininta. Dangin mijinta suna ta kallona. Na gaya musu maganar asibiti, suka yi dariya, wai iyayenmu sun yi, me ya same mu? Amsar tana bakina, amma sunanki ne a cikinta.

Shekara da shekaru ina rufa miki asiri a kan laifin da ba ki san kin yi ba. Yau na gaji, kuma ina tsoro, domin ƙanwata Kulu ma tana da irin bakinmu, ga shi ta ce in na ƙi ita za ta tauna. Don haka gobe da safe zan tara su in faɗi komai, da dabinon, da tsamiyar.

Ki yafe mini, Innata. Ni na daɗe da yafe miki, ƙauna ce kika tauna masa. Allah ya gafarta miki, ya haɗa ki da jikanki inda ruwa ba ya kaiwa, ya raya takwararki ko da ba za ta taɓa sanin bakina ba.

'Yarki mai kewarki,
Hajo