Abin da Ya Shaƙe A-kori-kura

Haɗeja, bayan ƙaramar Salla, 1974

Zuwa ga ƙanwata Safara'u, a Guri.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Inna tana gaishe ki, ƙafar ce dai sai a hankali. Bayan haka, ba daɗi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Tunda kin yi yaƙi da jahilci, zauna ki karanta wa mijinki Ɗanladi wannan, don ni na gaji da kallon fuskarsa. A-kori-kurar da na damƙa masa ta sake mutuwa a hanya da ɗanyen kifi a bayanta. Kafin a jawo ta Haɗeja tarwaɗa ta kumbura, karfasa ta ruɓe, ungulaye ne kawai suka ci kasuwa. Wai tana cikin tafiya sai ta hau tari, ta shaƙe, ta mutu, in an bar ta ta huta kuma ta tashi kamar ba ita ba. Mota ce ko mai farfaɗiya?

Mala bakanike, Babarbaren nan na bakin tasha, ya canja filta, ya fitar da iska daga bututun mai, ya kwance famfo ya mayar. Bai ga komai ba. Amma ni na lura da abu ɗaya: in tanki yana cike ba ta wannan iskancin, sai mai ya yi ƙasa. To wa ke sa man ya yi ƙasa? Masu injin niƙa na Guri dai ba a rijiya suke ɗebo man gas ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Na karɓe makullina. Albarkacinki ya ci da ban kai shi gaba ba.

Yayanki,
Ɗahiru Isa

*

Guri

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso ta hannun 'Yar'azumi mai kifi. A gaishe mini da Inna, Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ban karanta masa ba, Yaya. Da wane baki? Mutumin da ya dawo mini leɓɓansa duk sun saɓule saboda zuƙar man gas a tiyo don motarka ta tashi, shi zan kalla in ce masa ɓarawo? Wallahi har yau in ya yi gyatsa warin gas nake ji. Abinci ma ya ƙi zama a cikinsa.

Ya ce shi bai san ciwonta ba, amma duk sanda ya cire bututun ya hura iska ta koma baya, yana jin wani abu ya yi ɓul a cikin tanki, daga nan sai ta tashi. Ya ce ya roƙe ka a sauke tankin a duba, ka ce masa tsintacciyar mage ba ta mage, ba shi zai koya maka dukiyarka ba. Haba Yaya! A gaban mutane?

Ka san bana ruwa bai hau fadama ba, shinkafarmu ta ƙone a tsaye. Ba mu da gona, ba mu da kwalekwale, sitiyarin nan ne tukunyarmu. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Don darajar nonon da muka sha, ka sa Mala ya sauke tankin. In ba a ga komai ba, na yarda ka yi yadda ka so.

Taka ƙanwa mai biyayya,
Safara'u

*

Haɗeja

Safara'u,

Gaisuwa. Kin ce a sauke tanki, to an sauke. Allah ya saka miki, don da ba ki matsa ba da ban san da wa nake cin tuwo ba.

Mala ya juye man a daro, ya zura waya, sai ga abu ya faɗo tim. Laya ce, Safara'u! Laya ta jar fata, ta jiƙe ta kumbura kamar mataccen kwaɗo. Mala ya ce ita ce ke yawo a gindin tanki. In mai ya yi ƙasa sai bututu ya zuƙe ta ta manne a bakinsa, inji ya rasa mai ya mutu, in an kashe kuma ta saki. Ya ɗaura komai, motar ta ɗauka da bugu ɗaya.

Shi wannan bayanin makanikai ne. Ni tambayata, wa ya jefa ta? Wa ke riƙe da murfin tankin nan dare da rana? Wa ya san akwai abin da ke yin ɓul a ciki tun kafin kowa ya gani? Ashe ba sata kaɗai ba ce, sammu aka yi mini don in karye, in sayar masa da motar a wulaƙance. Na ɗauki kaza na ba ta masauki, ta zo tana tone mini tushen gida.

Ran kasuwa zan kai maganar gaban Bunu, shugaban direbobin tasha. Ki ce masa ya zo. In na gama da shi, daga nan har Nguru ko amalanke ba mai ba shi ya tura.

Ɗahiru

*

Guri

Yaya,

Salamu alaikum. Da na karanta takardarka sai da na yi dariya, na yi kuka, na yi sujada. Alhamdu lillahi, ashe abin na gida ne!

Jar fata ka ce? Duba ɗinkin, za ka ga koren zare, an tufke bakin sau biyu. Ɗinkin Inna ne. Ka manta ranar da ka kawo motar nan daga Kano, unguwa ta cika ana guɗa? Inna ta karɓo rubutun tsari, aka ce a sa shi inda hannun maƙiyi ba zai kai ba. Kai da kanka ka ce ba inda ya fi cikin tanki. Ni na riƙe maka murfin, kai ka jefa da hannunka na dama, har kana cewa yanzu sai ka ga ɗan da zai taɓa ta.

In ma kana shakka, ga shaida. Guda biyu Inna ta ɗinka daga fata ɗaya, ɗaya ta mota, ɗaya ta direba. Tasa tana nan a damtsensa na hagu, ƙarƙashin riga, bai taɓa cire ta ba ko wanka zai yi, saboda girman Inna. Ka tambaye ta, ai tana gidanka.

Ba wanda ya yi laifi, Yaya. Ƙauna ce ta jawo. Ba sai ka ba shi haƙuri ba, ni zan ba shi a madadinka. Ka mayar masa da makulli kawai, bakinmu alaikum, ba mai ji. Zai zo ran kasuwa kamar yadda ka ce, na gaya masa ya saki ransa.

A gaishe da Inna da kyau.

Ƙanwarka,
Safara'u

*

Haɗeja

Safara'u,

Takardarki ta zo a kan kari. Na riga na faɗa wa duk tasha sammu ne, kuma ni ba na amai in lashe.

Na tambayi Inna, bayan na tuna mata gidan wa take kwana. Ta ce ita ta tsufa, ba ta tuna komai.

Mijinki ya zo yana murmushi. Na ajiye layar gaban Bunu, na ce a tuɓe masa riga a duba damtsensa na hagu. Fata ɗaya, zare ɗaya, ɗinki ɗaya. Kowa ya yarda shi ya jefa ta a tanki. Sai ya tambaye ni wa ya gaya mini inda take. Na faɗa masa gaskiya, na ce ke ce.

Mota ta je Kano ta dawo ko tari ba ta yi ba. In ya kore ki, akwai wuri a ɗakin Inna.

Wassalam.
Ɗahiru