Gwangwanin da ke Bayan Tulu

Gulbahor, 'yata,

Na fita tun kina barci, na tafi maƙabarta wajen surukarki. Kada ki ajiye mini shayi.

Jiya a sadakar arba'in ɗinta kika ninka filo kika sa a wurin zamana, gaban dattawa. Tsoho Sharif ya yi dariya ya ce, "Direba, kujerar mota ce ta rama?" Na yi jifa da filon na ce miki, "Ke, mai jego kika gani?" Na ga idonki ya kawo ruwa.

Ni ne dusar ƙanƙara ta binne da motata kwana uku a kan dutse, na fito da ƙafata. Harsashin yaƙi yana cinyata har yau. Shekara talatin ina fama da basir, ba wanda ya taɓa jin na ce wash sai matata.

Da asuba na shiga bayi, sai ga sabon gwangwanin auduga mai ruwan maganin basir a bayan tulu, inda yake yin sanyi. Nawa ya ƙare tun ranar jana'iza, kunya ta hana ni saye. Ita kaɗai ta san wurin nan. Ashe tana kwance, numfashi na gagararta, amanata take ba ki.

Na sa, zafin ya lafa. Na zauna a ƙofar bayi na yi kukan da ban yi a gaban gawarta ba.

Ki yafe mini. Idan na dawo, ki faɗa mini sauran abin da ta ce.

Surukinki,
Mirzonazar