Ƙofar Ruwan da Ke Jin Waya

Haɗeja, ranar Talata

Zuwa ga Babana Abdulmannan,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Bushira da maigidana ƙarami mai kukan banza. Mu nan sai godiya, ƙafar ce dai ba ta daina tsiyarta ba.

Ƙofar ruwan da kamfaninku ya kafa mana a bakin magudana ta fara aiki. Kai, zamani! Ina zaune a tsakar gida sai in danna waya, saƙo ya tafi, ƙofa ta ɗaga taki guda, ruwa ya gangaro gonaki. Mu uku aka ba wayar: ni a madadin mata, Malam Badamasi da Ja'afaru a madadin maza. Abin da bai kwanta min ba shi ne sitiyarin da muke murɗawa da hannu, da kuka cire kuka garƙame wurin da kwaɗo. Ka ce don kada a saci ruwa ne. To, na ji, ku ne masu ilimi.

Na zuba irin shinkafar mahaifinka a fangali. Bara tsuntsaye sun yi mana ɓarna, ɗan abin da ya rage a tulu ne na juye duka, ban bar ko ƙwaya ba. Ka san ba a samun ta a kasuwa, shi ya yi ta zaɓen zangarniya da hannunsa har Allah ya karɓi abinsa. Ta tsiro kore shar, saura kaɗan a yi dashe.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka, Huseina

Haɗeja, ranar Lahadi

Babana,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Direban motar Kano zai kawo maka wannan, don na daina ba waya amanar magana.

Ran Laraba ruwa ya janye a fangali. Na danna, shiru. Mu a garin nan in ka yi sallama ba a amsa ba, ƙarawa kake yi, ko ba haka na koya maka ba? Na ƙara, na kuma ƙarawa. Ashe Malam Badamasi da Ja'afaru su ma suna can suna ta dannawa, kowa bai san da ɗan'uwansa ba. Wai injin turken sabis ne ya mutu. Ni na zaci saƙon da bai je ba ya bi iska ke nan. Ashe saƙonnin layi suka yi suna jira, kamar awaki a bakin garke. Ran Juma'a, maza duk suna masallaci, sabis ya dawo, saƙonnin suka afka wa ƙofar gaba ɗaya. Ƙofa ta wage baki.

Na ruga da wannan ƙafar tawa. Na tsaya ina kallon kwaɗonku, ruwa yana wucewa da shinkafar mahaifinka a kan idona. Wallahi da sitiyarin yana nan, ni kaɗai na isa in murɗa shi. Da maza suka sauko daga masallaci muka yi ta danna na rufewa, sabis ya sake ɗaukewa. Saƙonnin rufewar su ma sai da aikin gama ya gama suka isa a tare, suka datse ƙofar ƙam. Abin da ruwa bai tuge ba, rana tana ƙona shi yanzu. Ƙofarku kullum amsar jiya take bayarwa.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.
Huseina

Haɗeja, ranar Alhamis

Babana,

Da fatan kun koma Kano lafiya, kai da manajanka. Na ji shi da kunnena yana gaya wa jama'a cewa ƙofa lafiyarta ƙalau, manoma ne ba su da haƙuri. Kana tsaye a bayansa kana kallon takalminka. Ka tafi ko tuwon da na tuƙa maka ba ka taɓa ba.

Na so in yi maka uzuri, na ce ƙila kai ma ba ka san halin abin ba. Sai ɗazu wayata ta yi ƙara. Saƙonka ne na waccan Larabar, yau ya iso, kana cewa kada mu sake dannawa, saƙonni suna taruwa a hanya, za su buɗe ƙofar duka. Ashe ka sani! Ka san sabis ya mutu, kuma ta sabis ɗin ka aiko da gargaɗi. Motar Haɗeja ba ta yankewa a tasha, ɗan nan. Da ka shigo ta, da kafin la'asar kana bakin magudana da makulli a hannu.

Na zagaya har Kaugama da Kafin Hausa ko akwai wanda mahaifinka ya taɓa ba irin nan. Babu. Tulun na wanke shi na kife.

Ga wayarku nan a cikin ambulan, ka mayar musu. Ban yi maka baki ba, ba kuma zan yi ba. Amma duk ranar da kewata ta kama ka, kada ka turo saƙo. Ka tako da ƙafarka tun ina nan.

Ka shafa min kan maigidana.
Mahaifiyarka, Huseina Zarami