Wa Ya Fitar Da Gurguwar Zabuwata Daga Bironku?

Zuwa ga Mai Girma Direktan biro, wato ofishin da ke karɓar takardun rajistar tambarin kaya.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ce Ramatu mai yaji ta Dungas. Raina a ɓace nake rubuto maka.

Na ɗaya. Tun uwata na da rai muke buga hoton zabuwa a ledar yajinmu. Mutanen Dogo-Dogo da Sassumbrum ba sunana suke tambaya a kasuwa ba, zabuwa suke nema. Bara bayan girbi na kawo dosiye, wato takardun nema, bironku a yi mata rajista. Sakatare ya karɓa, ya ce in je in jira. Na jira.

Na biyu. Kasuwar da ta wuce, wani ɗan kasuwa na Magarya ya zo da ma'aikata da takarda mai hatiminku, wai zabuwa tasa ce. Aka kwashe mini yaji gaban matan da suka san uwata, aka kira ni mai satar tambari. Har yau ban koma rumfata ba.

Na uku, kuma a nan nake so ka natsu. Ranar da zan kawo dosiye, katakon da nake buga tambarin da shi ya faɗi, ƙafar zabuwar ɗaya ta ɓalle. Mai kabu-kabu na jirana, haka na buga a takardarku. Washegari aka sassaƙa mini sabo. Ko leda ɗaya ban taɓa sayarwa da gurguwar zabuwa ba. To, ka ɗauki ledar mutumin nan ka duba: ƙafa ɗaya gare ta. In ba a cikin bironku ba, a ina ya gan ta?

Ya turo dattawa a yi sulhu. Na ba su ruwa, na sallame su. Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba.

Ina roƙon ka soke takardarsa, ka kuma faɗi sunan wanda ya buɗe masa dosiyena. Sannan a tara ledojinsa gaban rumfata ranar kasuwa, shi da hannunsa ya ƙyasta ashana, matan nan na kallo. In ba haka ba, ɓallallen katakon yana nan a adakata, shi zan ajiye gaban alƙali.

Allah ya ƙara maka girma, ya kuma sa in an bincika kada a tarar da hannunka a ciki.

Wassalam.
Ramatu mai yaji, Dungas