Ban Kwashe Ɗakin Zanenki Ba

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko bayan dogon rani, matata wadda fenti ba ya fita daga faratanta.

Ina gaishe ki, ke da Yaya da yaranta. Mu nan lafiya lau, sai gajiya. Ba gajiyar aiki nake nufi ba, ko da yake kan tsani na wuni ina jan wayar lantarki a wani sabon gini. Wannan irin wadda barci ba ya saukewa ce: ka yi sallama a ƙofar gidanka, muryar da kake jira ba ta amsa ba. Tun da kika tafi gidan Yaya, gidanmu ya zama kamar rijiyar da ta ƙafe, baki na nan, guga na nan, amma me za a ɗebo?

Kin tuna ranar da kika fara yanka zane? Kin gama hoton kasuwa, irin wanda masu otal ke son ratayawa. Kika daɗe kina kallonsa, sai kika ɗauki reza kika tsaga shi daga sama har ƙasa. Na ɗauka ni na ɓata miki rai. Sai ga ki zaune a ƙasa kina ɗinke tsagar da jan zare, kina dariya, wai yanzu ne ya fara numfashi. Ban taɓa ganin ki da kyau kamar ranar ba, farin watana. Daga nan aka shiga zuba yashi a fenti, da kankare tsatsar tsohon kwano, da buhunan siminti da nake kwaso miki daga wurin aiki. Har ƙyauren kabad ɗinmu bai tsira ba. Gwaggo ta zo ta ga kabad ɗin a wangale, ta tambaye ni ko ɓarayi ne suka shigo, ko kuwa kafinta na aura ba a gaya mata ba.

Ni na ɗaura fitilu ranar baje kolinki, don haka ina kusa lokacin da tsohon malaminki, wanda ya koya miki riƙe buroshi, ya zagaya ɗakin hannuwa a baya. Ya tsaya gaban babban zanen nan mai buhuna, ya ce wannan ba zane ba ne, ɓarnar kaya ce, ya fita ko ruwa bai sha ba. Kika ci gaba da yi wa baƙi murmushi, amma ni na san fitila idan wuta ta yi ƙasa. Mai gidan baje kolin kuma ya ƙara da nasa, wai ki koma hoton kasuwa. Washegari kika haɗa jaka, kika ce za ki ɗan huta.

Jiya Yaya ta isar min da saƙonki: in kwashe ɗakin zanenki, in ƙona na ƙonawa, in mai da shi na 'yarmu Auta. Na shiga da niyyar yi, wallahi. Warin fenti ya tare ni. Ga rigar aikinki a kan ƙusa, ga allura a soke jikin wanda ba ki ƙarasa ba, zaren na lilo. Na zauna a kujerarki har ƙafata ta yi tsami. Ni ba masani ba ne, rabin abin da kike yi ban gane shi ba, kin kuwa sani. Amma yaya zan cinna wa shekarunki ashana? Auta ma ta leƙo ta ce ba ta son ɗakin, ita Mama take so.

Ba na roƙon ki ki sake zane, rabin raina. Na gaji da ba da baki, ke ma kin gaji da ji. Ki dawo kawai, ki yi barci har rana ta yi tsaka, ni zan kai Auta makaranta. Idan kin huta kika ga har yanzu zubarwa kike so, to, ki zo mu kama tare, don babban nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Da hannuna ni kaɗai dai ba zan yi ba.

Naki ne ni, ko kin zana ko kin bari, har ranar da numfashina zai ƙare.

Mijinki, Baban Auta