Kwamfutar Baban Nuriyya Ta Yi Tambaya

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Sati biyu ke nan da fita takaba. Yau na ciro kwamfutar Baban Nuriyya daga akwati. A rabon gado ta faɗa wa ƙanwarsa Jannat, kuma ta dace da ita, tana karatu a Dutse. Na roƙe ta kwanaki kaɗan. Akwai bidiyoyinsa a ciki, na aikin malamin gona, da wanda yake koya wa Nuriyya tafiya. Yarinyar nan shekara uku gare ta. Ina tsoron ta manta muryarsa.

Na kunna. Ba hotonmu na bakin kogi da na saba gani. Baƙin allo ne da farin rubutun Turanci. Na gane haruffan TPM, na gane Y da N. Sauran sun fi ƙarfin ajina uku na sakandare.

Talata, 8 ga Oktoba
Ban danna komai ba. Ban kashe ta ba kuma. Gani nake in ta mutu za ta zaɓa wa kanta. Uwa maƙwabciyata ta leƙa ta ce, "Ke Zaituna, danna na farko mana, inji ba ya son gardama." Yatsana har ya kai. Sai na tuna yadda Baban Nuriyya yake hana manoma dangwala hannu a takardar da ba a karanta musu ba.

Da hantsi aka ɗauke wuta. Na ɗora ta a buɗe bisa tire, na yafa mata mayafi, na ɗauka a ka zuwa gidan Uwa mai sola. Wani mai Keke ya tsaya yana tambaya ko awara ce. Uwa ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma... kaɗan.

Laraba, 9 ga Oktoba
Jannat tana jarrabawa. Kwamfuta ta kwana gidan Uwa kamar amarya.

Jumma'a, 11 ga Oktoba
Jannat ta iso, ko jaka ba ta ajiye ba. Da ta ji labarin tire sai da ta zauna a ƙasa. "Matar Yaya, ai da kin kashe abinki! Tambayar za ta jira ki ko shekara ce." Na ce, "Ke dai yi mini bayani, uwar iyayi."

Ga yadda na fahimta, na rubuta don kar na manta. A cikin kwamfutar akwai wani ɗan ƙaramin abu, bai kai farce ba, shi ne TPM. Duk abin da aka ajiye a kulle yake, makullin kuma yana hannunsa. Watannin da ta yi a akwati wani ɗan batir na ciki ya mutu, ta farka a rikice, ba ta yarda ita ce ba. Shi ne take tambaya: Y, a zubar da tsohon makulli a yi sabo. N, a bar na da.

Na ce, da na danna Y fa? Ta ce in babu makullin ajiya, shi ke nan, ko mai gyara ba zai buɗe ba. Uwa ta ce, "Ni dai ban ce komai ba."

Jannat ta danna N. Shuɗin allo ya fito yana neman lambobi arba'in da takwas. Makullin ajiyar ke nan, wai yana cikin imel ɗinsa, kuma sai an turo saƙo layinsa kafin a shiga. Jannat ta ɗauka an rufe layin. Na shiga ɗaki na ɗauko wayarsa, cajinta cike. Ban taɓa gaya wa kowa ba, duk Jumma'a nakan sa mata kati na kira tawa da ita, don kawai na ga sunansa ya fito. Ba ta tambaye ni komai ba. Allah Ya yi mata albarka.

Saƙon ya shigo, Jannat ta shiga imel ɗin. Ita tana karanto lambobi, ni ina dannawa da yatsa ɗaya. Sau biyu na ɓata.

Ta buɗe!

Asabar, 12 ga Oktoba
Ga shi a fadamar Guri, wando naɗe zuwa gwiwa, yana yi wa manoma bayanin tazarar shinkafa, sai santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas cikin laka. Yana dariya yana cewa a goge wannan. Ba a goge ba. Nuriyya ta ce, "Baba ya faɗi!" Sau tara muka kalla. Na yi kuka, amma ba irin na da ba.

Jannat ta kwashe komai ta zuba mini a waya da filashi. Lambobin kuma ta rubuta a takarda biyu, ɗaya tata ɗaya tawa.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Jannat ta tafi da kwamfutar. Na ɗauka zan ji wani abu da Keke ya sha kwana. Na dai tsaya na ɗaga hannu, na koma na dafa mana tarwaɗa, Nuriyya ta ci har da ƙari.

Jumma'ar da ta wuce ban kira ba. Sai yau na lura. Mantuwa ce dai, ina jin.