Makullin da Ke Wuyan Kofur

Litinin, 3 ga Maris

Kasuwa ba laifi. Na yanka makullai tara, na buɗe wa wata mata akwatin da ta datse da kwaɗo alhali makullin yana ciki. Da ta ga minti biyu bai cika ba, sai ta ce Allah ya taimaki garin nan da ban zama ɓarawo ba. Na ce amin, baiwar Allah, amma a ci gaba da addu'a.

Da la'asar aka hallara a bencin mai aski. Maganar dai ita ce ta kullum, tun da aka ce majalisa za ta kaɗa ƙuri'a ƙarshen wata: a janye sojojinmu daga ƙasar can, ko a bar su. Shekara biyu ke nan da shigarsu. Janar ɗin da aka shiga don a kawar da shi kuwa ya yi shekara ɗaya da rabi da arcewa.

Tela, ƙanin matata, da tef ɗin awo rataye a wuya kamar wani likita, ya ce tun farko shigar ma ba ta halatta ba. "Gidan mutane ne fa, Yaya. Wa ya kira mu?" Na ce kai da ba ka taɓa ɓalle ƙofa ba. Ni sau nawa ake kirana, hayaƙi na fita ta taga, yara na ihu a ciki? In tsaya neman izinin mai gida? Janar ɗin nan ƙauyukan kan iyaka yake yi wa ruwan wuta. Benci ya ɗau tafi. Sai Tela ya ce to an kashe gobarar, me mai kashe gobara yake yi har yau a ɗakin mutane ya miƙe ƙafa?

Ta shige ni. Na yi dariya na ce tunaninsa bai wuce kafar allura ba.

Abin da ba zan faɗa a benci ba: ranar da aka fara gardamar nan shi ya riga ni zaɓen ɓangare. Ɗan kasuwa kuwa in an ce masa gabas, yamma zai ce, ko don a daɗe ana ciniki. Sannan ga ɗana Kofur yana can tun ranar farko. In shigar banza ce, shekara biyun yaron nan me ke nan?

Laraba, 5 ga Maris

Injin yanka ya ci mini makulli biyu. Haƙorinsa ya dakushe, irin na mai shi.

Asabar, 8 ga Maris

Yau rana ce! Wata 'yar jarida daga gidan rediyo ta shigo kasuwa da abin ɗaukar murya, tana neman ra'ayin jama'a kan janye sojoji. Mai aski ya nuno ni da almakashi. Na gyara hula duk da ba a ganin hula a rediyo. Tela ya laɓe bayan keken ɗinkinsa, ga baki a benci, ga tsoro a gaban baƙi.

Na yi bayani kamar ni na tsara yaƙin. Na ce ba a ɓalle ƙofa a tafi a bar ta a hangame ɓarayi su shiga. Ta ce ai masu 'ya'ya a can suna son a dawo da su. Nan baki ya ɗebe ni. Na ce, "Ni da nake magana, ɗana na cikina yana can. Ko shekara goma ce, ya zauna sai an gama aiki." Har ta ɗaga gira. Na ji daɗin girar nan.

Talata, 11 ga Maris

An sa muryata sau uku. Yanzu tana yawo a wayoyin mutane. Daga bakin kasuwa zuwa rumfata sai "Shekara Goma! Shekara Goma!" Wani ma ya kawo kwaɗon da lafiyarsa ƙalau don kawai ya gan ni. Na duba masa shi da muhimmanci, na ɗiga masa mai.

Uwar Kofur ma ta ji. Ta ajiye mini abinci da ɗan ƙarfi, har murfin kwano ya yi tsalle.

Lahadi, 16 ga Maris

Lahadi ce ranar kiran Kofur. Wayata yake fara kira, mu gaisa, in ba shi labarin kasuwa, sannan in miƙa wa uwarsa. Yau wayarta ce ta yi ƙara. Sun daɗe. Ina tsakar gida ina ta goge takalmin da na riga na goge.

Da ta fito na ce, "Ya yaron?" Ta ce lafiya. Ya ba da saƙo. "Ya ce a gaya wa Baba ya ji. Saura takwas."

Na yi dariya. Ni kaɗai na yi.

Laraba, 19 ga Maris

A benci na sake kayar da Tela. Ya kawo maganar baƙo raɓa ne, na ce raɓar da ta kashe gobara ai ruwan sama ce. Ba ta ma yi ma'ana sosai ba, amma na faɗe ta da ƙarfi, aka yi tafi. Na lura haka ake cin yawancin gardama.

Na kira lambar yaron sau biyu. Tana shiga, ba a ɗauka. Wataƙila suna sintiri.

Lahadi, 23 ga Maris

Wayarta kuma. Wannan karon ta buɗe murya, da gangan na sani, ta ajiye wayar a kan taga daidai inda nake gyaran fanka.

Na ji shi yana ba ta labari. Ya ce ranar da suka shiga garin, mutane har kan rufin gidaje suna ɗaga musu hannu. Yanzu in motarsu ta shigo layi sai ka ji ƙarar sakata, gida bayan gida. Ya ce in an fita bincike, abokansa da ƙafa suke buɗe ƙofa, shi kuwa sai ya ce su dakata, ya ciro 'yar wayar ƙarfe ya buɗe a hankali, a duba, ya mayar ya kulle yadda ya samu. Har sun sa masa suna Ɗan Makulli. Wata tsohuwa ta tambaye shi wa ya koya masa, ya ce babansa. Ta ce to ya koma ya gaishe shi, ya kuma zauna can.

Uwarsa ta yi dariya, shi ma ya yi. Fankar nan dai ƙura ta cika ta, duk ta shigar mini ido.

Litinin, 24 ga Maris

Wata sabuwa. Muna karyawa Uwar Kofur ta ce, kamar maganar ba komai ba, ashe yaron nan makullin ƙofar gidan nan yana rataye a wuyansa tun ranar da ya tafi, tare da lambarsa ta soja. Wai ya ce duk ranar da aka sallame su ba zai ƙwanƙwasa ba, buɗewa kawai zai yi mu gan shi a tsakar gida.

Cokali ya tsaya mini a hanya. Bara na cire tsohuwar kubar ƙofar, don tana cijewa sai an ɗan ɗaga ƙyauren sannan ta juya. Na sa sabuwa, wani kamfani daban, makullinta ma ba iri ɗaya ba. Tsohuwar kuwa, da sauran makullanta, na ba Tela ya sa a ɗakin ajiyar yadinsa.

Ta ce, "Ka ce ya yi shekara goma, ka kuma sauya kuba. Saura ka zuba 'yan haya a ɗakinsa."

Na ce ai sai ki gaya masa an sauya. Ta ce, "Da wane bakin? Bayan saƙon rediyo in ƙara masa da wannan?" Ta fi ni gaskiya. Na tsani ranakun da take fina gaskiya, ga su da yawa.

Mutum ya yi shekara biyu yana buɗe ƙofofin mutane, ya zo ta ubansa ta ƙi shi. A'a.

Juma'a, 28 ga Maris

An kaɗa ƙuri'a. Janyewa ta yi rinjaye. Tela ya zagaya layinmu sau biyu yana kaɗa tef. Na ce masa majalisa ma tana kuskure, ai mutane ne. A raina kuwa kamar an sauke mini buhun siminti.

Lahadi, 30 ga Maris

Rukunin su Kofur ne na farkon dawowa. Goma ga wata mai kamawa. Uwarsa ce ta gaya mini, ba shi ba.

Talata, 1 ga Afrilu

Na shirya dabara. Na je shagon Tela da sabuwar kuba a kwalinta, na tsaya gaban ɗakin ajiya ina girgiza kai. Na ce wannan tsohuwar ta gama yayi, ko yaro da cokali zai buɗe ta, ga ɓarayin yadi sun yi yawa, bari in sauya maka kyauta don zumunci.

Ya cire allura daga baki ya dube ni. "Yaya da kyauta? Yau rana ta yamma ta fito?" Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ashe yayarsa ta riga ta kai masa labari. Gida ɗaya, asiri babu.

Ya ce kubar tana nan, ba ya sayarwa, ba ya musaya. Sharaɗi ɗaya: in tsaya a bencin mai aski, gaban kowa, in ce janyewar daidai ce. Na ce wannan ai fashi ne da rana. Ya ce, "A'a, mamaya ce. Kai ka ce tana halatta in akwai dalili."

Ɗan banza. Wa ya koya masa magana? Zama da ni ne.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na yi tunanin in je in cire abata ba tare da saninsa ba, minti uku ya ishe ni. Sai na tuna addu'ar matar akwati.

Asabar, 5 ga Afrilu

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Benci ya cika, don Tela ya yi gayya. Mai aski ya bar mutum da rabin gemu ya fito.

Na miƙe. Na ce jama'a, ni ban ce shigar kuskure ce ba, wannan Allah ne masani, kuma waɗanda aka yi wa ruwan wuta suna da bakinsu. Amma sana'ata na sani. In aka kira ni na ɓalle ƙofa, na gyara, to makulli nake miƙa wa mai gida in kama gabana. Ban taɓa ajiye kwafi a aljihuna ba, ban taɓa cewa bari in kwana a falo in ga ko kubar za ta riƙe ba. Duk mai gyaran da ya yi haka, sunansa ya sauya.

Sai Tela ya ce, "To shekara goman fa, Yaya?" Na ce takwas ɗin da suka rage na yafe. Aka kwashe da dariya, mai rabin gemu har da tafi. Mai aski ya ce daga yau sunana Shekara Biyu.

Abin mamaki, da nake faɗa ban ji kamar biyan sharaɗi nake yi ba. Wannan tsakanina da littafin nan.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na mayar da tsohuwar kuba. Na kwance ta kaf, na wanke da kananzir, na ga inda take cijewa. Shafa biyu da magagari ya isa. Na ɗauko magagarin, na riƙe, na mayar da shi jaka. A bar ta yadda ya san ta.

Tela ya samu sabuwar. Shi ya ci riba ta kowane gefe, ya kuma ce in zo in sa masa da kaina.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ban buɗe rumfa ba. Na ce wa maƙwabta inji ne ya lalace. Tun hantsi na kulle ƙofar gida daga ciki na zare makulli, muka zauna a tsakar gida ni da Uwar Kofur kamar waɗanda aka tsare. Mai kawo ruwa ya yi ta bugu, muka yi shiru. Uwarsa tana toshe baki kada dariya ta fito.

Bayan azahar muka ji an ajiye jaka a waje. Sai ƙarar ƙarfe a cikin kuba. Ya juya, ta cije. Sai na ga ƙyauren ya ɗan ɗaga sama, kamar yadda yake yi tun yana ɗan makaranta. Ƙaras.

Ya rame, ya yi baƙi, ya fi ni tsawo ko ni ne na rage. Uwarsa ta riga ni isa. Da ta sake shi ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya waiga ya dubi ƙofar.

"Baba, shekara biyu, har yanzu ba ka gyara kubar nan ba?"

Na ce aiki ne ya yi yawa. Uwarsa ta kawar da kai, kafaɗunta na rawa.

Ya ce wata tsohuwa tana gaishe ni. Na ce ina amsawa. Bai ambaci rediyo ba, ni ma ban ambata ba. Da yana cin abinci na so in tambaye shi, shigar nan daidai ce ko kuskure, don in samu abin jifan Tela. Na ga yadda yake kallon kwanon, sai na miƙa masa ruwa.

Gobe akwai benci. Tela ya ce sai an warware maganar shigar tun daga tushe. Kofur ya ce zai raka ni. Ina jin ni saurare kawai zan yi, maƙogwarona ne ba ya mini daɗi kwana biyun nan.